Raddi Cikin Girmamawa Ga Masu Cewa Babu Abin Gani a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu a 'yan shekarun nan. Ana yin ta a majalisa, ana yin ta a ofis, ana yin ta a cikin motar haya. Idan hira ta biyo ta kan wuraren da suka cancanci a je a gani, ko a zauna a more rayuwa, sai ka ji an ce ai kyawun ƙasa yana bakin teku. A ambaci Legas da Badagiri, a ambaci Kalaba, wanda ya taɓa ƙetare hazo ya kawo Jidda ko Dubai ko Zanzibar. In wani ya yi ƙarfin hali ya sako sunan Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, sai wuri ya yi tsit, can wani ya ce: "Haba malam, me ke can? Ba teku, ba babban kogi, sai daji da ɓarayin daji. Mai zama can ma rashin yadda zai yi ne."

Masu faɗin haka ba maƙiyan yankin ba ne. Da yawansu can aka binne cibiyarsu. A cikinsu akwai wanda ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansa, akwai wanda ya kwashe iyayensa ya mayar Funtuwa ko Zariya, akwai wanda ya yi jana'izar ɗan'uwa da hannunsa. Wanda ciwo ya sa shi magana ba a amsa masa da gatsali. Saboda haka, iyayena da yayyena da ƙannena masu wannan ra'ayi, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku. Maganarku ta ƙunshi da'awa uku: cewa ƙasar da ba ta da teku ba ta da ruwan da za a yi alfahari da shi, cewa yankin nan daji ne na ɓarayi kawai, da cewa zama a cikinsa dole ce, ziyararsa kuma ganganci. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari in fara da inda kuka yi gaskiya.

Inda ba ni da ja

Babu mai hankalin da zai musanta bala'in da ya auka wa wannan yanki. A watan Yunin 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari cikin yini guda. A daren Juma'a, 11 ga Disamban 2020, aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗalibai cikin daji, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun. An zauna sulhu da ɓarayin dajin a 2017, an sake zama a 2019, aka koma gidan jiya. Akwai garuruwan da suka tashi, akwai gonakin da suka shekara da shekaru ba a sa musu fartanya ba, akwai manoman da sai sun biya kafin su girbe abin da suka shuka da guminsu.

Duk wannan ya faru, kuma ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya nufi dajin Kogo shan iska ba. Inda muka rabu da ku shi ne hukuncin da kuka yanke daga waɗannan abubuwa. Kun yi kamar wanda ya je duba majinyaci, ya dawo yana cewa ai haka Allah ya halicce shi, rama da nishi su ne kamanninsa. Ciwon yana da ranar farawa, ƙasar kuma ta girme shi nesa ba kusa ba.

Inda ruwan yake fitowa

Mu fara da ruwa, tunda a kansa aka gina maganar. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kusan kilomita 850, kuma babu taku ɗaya nata a jihar Katsina. To amma a tambayi mai taswira daga ina Kogin Sakkwato ya faro. Zai ɗora yatsansa a kan tudun da ke kusa da Funtuwa, a kudancin Katsina. Daga nan kogin ya ratsa wannan yanki ya yi arewa maso yamma, rafuka suna ta zuba masa. Ya isa Gusau, inda aka tare shi garin yake sha. Ya cika madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, wadda ake noman shinkafa da ita a ƙasar Talatar Mafara. Ya haɗu da Rima a kusa da birnin Shehu, ya karkata kudu ya bi ta Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifin da duniya ke zuwa kallo. Ya wuce Birnin Kebbi ya faɗa Kogin Kwara, Kwara ta kai shi Lokoja, daga can sai teku. Ta ɓangaren Sabuwa kuwa, rafukan kudu suke gangarawa, su bi ta ƙasar Birnin Gwari su shiga cikin ruwan da ke ciyar da Kogin Kaduna, shi ma ƙarshensa Kwara.

Ashe ruwan saman da ya sauka a kan rufin wani manomi a ƙasar Faskari cikin watan Agusta yana iya zama cikin ruwan da masuncin Argungu ya jefa homarsa, yana iya zama cikin wanda ya isa bakin tekun da ake yi mana kwatance da shi. Mutanen da ke zaune a mafarin kogi ba su ne za a ce ba su san ruwa ba. Damina a nan ta fi ta Daura da ta birnin Katsina tsawo da nauyi. A shekara mai kyau ruwan yakan haura milimita 1,000. Ƙasar kuma mai nauyi ce, tana riƙe danshi, shi ya sa tun da can ake kiran kudancin masarautar da sunan Katsina Laka.

Wanda yake son ya ga abin da nake nufi, ya tsaya bakin madatsar Mairuwa, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da sanyin safiya a farkon hunturu. Wannan ruwa shekaru da dama yana cikin abin da Funtuwa ke sha. Kafin rana ta ɗaga, hazo yana kwance a kan ruwan, masunta sun riga sun shiga da kwale-kwalensu suna ɗaga tarun da suka kafa tun jiya. Mutum ɗaya yana riƙe da filafili yana daidaita jirgi, ɗaya yana jan taru hannu bayan hannu, yana ɓanɓare karfasa yana jefawa ƙasan jirgi, in tarwaɗa ce ya kama ta ta bayan kai don kada ƙayarta ta soke shi. A gaɓa mata masu suya sun jera da kwanoninsu suna jiran ciniki. Gefe guda injin ban ruwa ya tashi, ruwa yana bin ƙananan hanyoyi cikin fangalin tumatir da albasa da tattasai, yaro da fartanya yana buɗe wannan ya toshe wancan. Balbelu sun yi fari a bayan garken da ya gangaro mashaya, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya cikin ciyawa. Duk wannan a wuri ɗaya, cikin awa ɗaya. Wanda ya ce ba abin kallo ba ne, to sai ya faɗa mana me ake kira abin kallo.

Haka fadamun da ke bin rafukan Sabuwa da Faskari. Rake yana tsaye ya fi mutum tsawo, ga shinkafa, ga mangwaro da gwaiba a kan gaɓa. A lokacin yin mazarƙwaila, tun daga nesa ƙamshi zai tare ka. An sare rake an tara, ana cusa shi cikin injin matsa, ruwan yana tsiyaya cikin garwa. A juye shi a babban kasko, a hura wuta da tuƙar raken da ta bushe, mai aiki yana tsaye da ludayi mai dogon hannu yana kwashe kumfa, yana ɗaga ruwan yana dubawa. Shi kaɗai ya san lokacin da ya yi. In ya yi gaggawa ba za ta daskare ba, in ya yi jinkiri ta ƙone. Da ya ga ta yi kauri sai a sauke a zuba cikin ƙananan kwanuka a jera a inuwa. Baƙon da ya tsaya ba ya tafiya sai an ɓantaro masa mai ɗumi an miƙa masa.

Sannan ga duwatsu. Mai tafiya daga Sheme zuwa 'Yankara, ko daga Ƙanƙara ya nufi Pauwa, zai ga manyan duwatsu sun taso daga cikin gonaki, wasu sulɓi, wasu an ɗora su kan juna. A watan Satumba, lokacin da dawa ta fid da kai, masara ta bushe a karanta, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suka yi duhu, wanda ya hau ɗaya daga cikinsu ya duba ƙasa zai ga shimfiɗar kore har iyakar ganinsa. Allah bai tara kyau a wuri guda ba. Ya ba wasu teku, ya ba wasu hamada, mu ya ba mu tudu da fadama.

Ƙasar ta girmi bala'in

Da'awa ta biyu ita ce yankin daji ne na ɓarayi. A nan tarihi ne zai ba da amsa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna irin nauyin da garuruwan kudu suke da shi a tsohuwar daular: Maska da Gozaki da Kogo da sauransu, ƙasashen auduga da saƙa da rini da fatauci. Kufan Birnin Kogo yana ƙasar Faskari. Pauwa tsohon gari ne a ƙasar Ƙanƙara, kuma har gobe hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwan Katsina ake kiransa, kamar yadda ake kiran na Faskari Sarkin Yamma. Ba da nisa ba, ta wajen Tsafe, 'Yandoto take, garin malamai da sunansa ya kai ko'ina a ƙasar Hausa tun kafin jihadi. Mutanen da suka gina birane da ganuwa a nan sun zaɓi wurin ne saboda ruwansa da ƙasarsa da duwatsun da ke ba su kariya.

Da Turawa suka zo neman auduga, nan suka dosa. A Daudawa ta ƙasar Faskari suka kafa gonar irin auduga tun kafin yaƙin duniya na biyu, daga nan ake yaɗa iri zuwa sassan Arewa. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, babban abin da ya jawo shi shi ne auduga da gyaɗar wannan shiyya. A 1975, lokacin da gwamnati da Bankin Duniya suka fara manyan ayyukan bunƙasa noma a Najeriya, wurare uku aka zaɓa: Funtuwa da Gusau da Gwambe. Aikin Funtuwa ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara. Shi ya kawo hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki, shi ya sa masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama amfanin da ake loda wa tirela. Dattawan da suka ga wancan zamani suna nan da ransu, a tambaye su.

A ƙarƙashin ƙasar ma akwai arziki. Farar ƙasar Ƙanƙara sananniya ce a wajen masana. Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna bincike a kanta, kuma irinta ce ake sa wa a fenti da takarda da tangaran da magunguna. Kasuwannin Sheme da 'Yankara da Ɗandume kuwa, duk ɗan kasuwar hatsi ko na shanu daga Dawanau har Ibadan ya san sunansu.

Har dajin da ake tsoro, asalinsa dukiya ce. A ƙarshen 2020, shekarar da aka sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin tarayya ta sanar da sababbin gandun daji na ƙasa guda goma, kuma dajin Kogo yana cikinsu, tare da Falgore ta Kano da dausayin Haɗeja. Yana maƙwabtaka da Kamuku ta Birnin Gwari, wadda ta samu wannan matsayi tun 1999. Masanan da suka zaɓe shi sun ga abin da muka daina gani: itatuwa da rafuka da namun daji da suka cancanci a tsare wa jikoki. Ɓarayi sun samu shiga ne bayan an bar dajin ba mai tsaro, an cinye burtali da makiyaya, an bar rigimar manomi da makiyayi ta ruɓe a hannun masu cin hanci, satar shanu ta yi ƙarfi, makamai suka kwararo. Waɗannan duk aikin hannun mutane ne cikin 'yan shekarun da muka gani da idonmu. Abin da hannu ya ɓata, hannu yana iya gyarawa.

Bakin teku ma da nasa kuka

Ina so masu kwatanta mu da bakin teku su yi adalci wajen awo. Idan za a auna Kalaba da ranar bikinta, kada a auna Faskari da ranar jana'izarta. Bakin tekun Najeriya yana da nasa ciwon. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran ɓarnar da mai ya yi wa ruwa da ƙasa zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Garin Ayetoro na jihar Ondo teku tana cinye shi gida bayan gida. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nutsar da sassan Bayelsa. Shekarun baya kaɗan, rafukan Neja Dalta su ne hedikwatar garkuwa da mutane a ƙasar nan, tekun Gini kuma ta yi suna wajen fashin jiragen ruwa.

Amma ban taɓa jin ɗan Ijo ko ɗan Ilaje ya ce ƙasarsa ba ta da abin gani ba. Yana kuka da ɓarnar, yana kuma yabon rafinsa, kuma yabon ne yake ba kukan ƙarfi. Mai cewa "an ɓata mana wuri mai daraja" yana neman hakki. Mai cewa "dama can ba komai a wurin" ya yafe hakkinsa tun kafin a zauna shari'a. A duba Ruwanda: a 1994 ta ga kisan da ya girgiza duniya, yau baƙi daga ko'ina suna biyan kuɗi masu yawa don su hau duwatsunta. Ita ma ba ta da teku. Abin da take da shi mutane ne da suka ƙi yarda bala'i ya zama sunan ƙasarsu.

Masu zama da masu zuwa

Da'awa ta uku ita ta fi yi mini ciwo, wato cewa mai zama can rashin yadda zai yi ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin nan uku sama da mutum dubu 570, kuma tun daga lokacin an haifi wasu dubbai. Gaskiya ne akwai wanda da zai samu hanya da ya tashi. Amma akwai malamin makarantar da aka ba shi canjin wurin aiki ya ce a bar shi. Akwai ungozomar da ta san kowane gida a ƙauyenta. Akwai limamin da ya ce ba zai bar masallaci ba muddin akwai sahu ɗaya a bayansa. Akwai manomin da yake da ɗa a Kaduna mai roƙonsa ya dawo birni, ya ce shi ba zai iya cin tuwon da bai san gonarsa ba. Akwai samarin da suka shiga rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Oktoban 2023, suna sane da abin da ke gabansu. Akwai Fulanin da ba su taɓa ɗaukar bindiga ba, an sace musu shanu, ana kuma yi musu kallon ɓarayi, duk da haka suna nan. Waɗannan mutane ne da suka auna suka zaɓa. Buhun masarar da ake saukewa a kasuwannin birane, wani ne ya yi kasadar ransa ya nome shi a Maigora ko Damari ko Ƙetare. Mai cin wannan masara bai kamata ya kira mai nomanta mara dabara ba.

Game da ziyara kuwa, ina ganin mun ari ma'aunin da ba namu ba. Mun ɗauka ziyara ita ce otal da hoto a bakin ruwa. A wajen Bahaushe, tafiya tana da sunaye da yawa: zumunci, gaisuwar rashin lafiya, ta'aziyya, ɗaurin aure, suna, cin kasuwa, ziyarar malami, hawan salla. Waɗannan su ne igiyoyin da suka ɗaure birni da ƙauye, kuma su ne suke tsinkewa a yau. Yara nawa ne aka haifa a Abuja da Kano, iyayensu 'yan Sabuwa ne, sun kai shekara goma ba su taɓa ganin ɗakin kakarsu ba? Wasu tsoro ne ya hana, kuma tsoron yana da dalili. Amma wasu, maganar nan ce ta "me ke can" ta sa abin ya fita daga ransu gaba ɗaya, har a lokacin da hanya ta yi sauƙi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen yankin sun san hanyar da ake bi da wadda ba a bi, sun san lokacin da gari ya lafa da lokacin da ya ɗau zafi. Mai niyyar zuwa ya kira 'yan'uwansa ya tambaya, ya bi shawararsu ko da ta saɓa wa son ransa. Ya yi tafiyar rana, ya tsaya a manyan garuruwa da manyan hanyoyi, ya bar nuna dukiya, in an ce masa kada ya zo wannan makon ya haƙura. Wannan shi ne yadda dubban direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata suke shiga suna fita kowace rana. Wanda kuma bai samu ikon zuwa ba, babu laifi a kansa; abin da ake roƙonsa kada ya mai da uzurinsa hukunci a kan ƙasar baki ɗaya.

Abin da maganar take jawowa

Da maganar tana tsayawa a majalisa, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma magana tana da ƙafa. Jami'in da ya saba jin cewa babu komai a Sabuwa, shi ne gobe zai zauna rabon ayyuka, ya ga babu dalilin kai hanya ko asibiti can. Likita da malamin da aka tura Faskari zai fara neman canji tun kafin ya ga garin. Attajirin da aka haifa a Ƙanƙara zai kai masana'antarsa wani wuri, farar ƙasar garinsu kuma a ci gaba da kwasarta ɗanya a buhu ana kai wa wasu su sarrafa. Yaron da ya tashi yana jin manya suna cewa garinsu ba wuri ba ne, zai girma da ƙafa ɗaya a tasha. Duk gonar da aka bari, duk makarantar da aka rufe, fili ne aka ƙara wa ɓarawo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Shi ya sa nake roƙon mu sauya abin da muke nema. 'Yan majalisar da ke wakiltar mazaɓar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da gwamnatin jiha, da 'yan bokon yankin Karaduwa, wato kudancin Katsina, su tambayi gwamnatin tarayya ina aka kwana kan gandun dajin Kogo: ina ma'aikatansa, ina iyakokinsa, ina kason mutanen da ke kewaye da shi, manoma da makiyaya. A yashe madatsar Mairuwa da ƙananan madatsun da aikin Funtuwa ya bari, domin yashi da laka suna cinye su shekara bayan shekara. A hana sare itatuwan bakin rafi don gawayi, tunda mafarin kogi in ya bushe, Gusau da Bakolori da Argungu za su ji a jikinsu. A fitar da burtali da mashaya a fili yadda kowa zai san iyakarsa. Malaman tarihi na jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Zariya su zauna da dattawan Pauwa da Birnin Kogo da Daudawa su rubuta abin da ke bakinsu tun suna raye. Masu ɗaukar hoto da masu shirya finafinai na yankin su nuna wa duniya kaka da fadama da ranar kasuwa, kamar yadda ake nuna mata gawa da ƙonannun rumbuna, domin duka biyun gaskiya ne.

Ku kuma iyayena da 'yan'uwana masu wancan ra'ayi, ba na neman ku manta da abin da aka yi muku, ba na kuma neman ku daina son teku. Ku je ku gan ta, halittar Allah ce mai ban mamaki. Roƙona guda ne. Idan ɗanku ya tambaye ku game da garinku, ku faɗa masa bala'in yadda yake, sannan ku faɗa masa sunan rafin da kuka koyi iyo a ciki, da dutsen da kuka hau, da abin da gonar kakansa take bayarwa a shekara mai albarka. Yaron da ya san darajar abin da aka ƙwace wa iyayensa, shi ne zai tashi neman a dawo da shi.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.